GYARAN TSOHON JIRGIN SU: A FARA DA LAFIYARSA KAFIN ADONSA

Jawabin wayar da kai ga masunta da masu fito na ƙasar Fika da sauran sassan Nijeriya

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Sarakunan Ruwa, masunta da masu fito, kafintoci da masu gyaran jirage, jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka muku da alheri da kuka ajiye sana'o'inku kuka zo sauraro. Maganar da ta tara mu yau ita ce ta tsohon jirgin ruwa: yadda za a gane ciwonsa, yadda za a gyara shi da abin nan da ake kira faiba, da yadda za a mayar masa da kyansa ba tare da an ɓoye aibinsa a ƙarƙashin fenti ba.

RUWAYENMU DA JIRAGENMU

Baƙon da ya zo Potiskum ya ga kasuwar shanu da manyan motoci yana iya zaton ƙasar Fika ba ruwanta da jirgin ruwa. Ku da kuke nan kun san ba haka ba ne. Kogin Gongola, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya biyo ta wajen Nafaɗa, ya ratsa ta kudancin wannan ƙasa kusa da Ngalda, sa'an nan ya karkata kudu har ya faɗa Binuwai a Numan. A kansa aka gina madatsar ruwa ta Kiri a 1982 da ta Daɗin Kowa a 1984. Ga kuma Kogin Ngeji da ya bi ta Gadaka. A arewacin Jihar Yobe akwai fadamun Nguru da Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Cikin waɗannan ruwaye ake kamo tarwaɗa da karfasa da kurungu da giwan ruwa, a ci ɗanye ko a yi banda a kai kasuwanni nesa.

Kakanninmu sukan sassaƙa jirgi daga gungumen maɗaci ko kawo. Da manyan itatuwa suka yi wuya, sai aka koma haɗa jirgi da katako da ƙusa, a toshe tsakaninsu da auduga da kwalta. Yanzu kuma ga jirgin faiba ya shigo, mafi yawa wanda aka riga aka mora a Legas ko Fatakwal ko wani wuri na bakin teku, aka ɗoro shi bisa mota aka kawo arewa. Kowane iri mutum yake da shi, jirginsa shi ne jarinsa. In ya lalace, abincin gida ya tsaya.

ABIN DA TSOHON JIRGI YA JAWO MANA

Jama'a, ba asarar dukiya kaɗai ke cikin wannan magana ba. A watan Mayu na 2021 duk ƙasar nan ta ji abin da ya faru a Kogin Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi, inda wani jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai cikin Jihar Kano, aka rasa rayuka aƙalla 29, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu da rahama.

Waɗannan jiragen fasinja ne, gaskiya. Amma kowa ya san cewa a ƙauyukanmu jirgin da aka jefa birgi da shi da asuba, shi ne zai fitar da mata da yara da buhunan hatsi ran kasuwa, musamman da damina in kogi ya kawo. Saboda haka lafiyar jirgin masunci lafiyar gari ce baki ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, kuma a 2025 Ministanta, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi da su maye gurbin jiragen katako da na faiba da na alminiyam. To, amma jirgin faiba ma yana tsufa, yana tsagewa, yana yoyo. Wanda bai san gyaransa ba, ya sauya wata matsala da wata ke nan.

MENE NE FAIBA?

Faiba haɗin abu biyu ne. Na farko zaren gilas ne, watau gilas da aka narkar aka ja shi siriri fiye da gashin kai, aka shimfiɗa shi kamar tabarma, ko aka saƙa shi kamar buhu. Na biyu wani ruwan danƙo ne mai kauri kamar zuma, ana ce masa rezin. In an ɗiga masa maganin daskarwa, wanda masu gyaran jikin mota suke kira hadina, sai ya ɗauki zafi ya daskare ya zama kamar ƙashi. Zaren shi kaɗai ba ya tare ruwa, danƙon shi kaɗai kuma fashewa yake yi kamar kwalba. In aka jiƙa zaren da danƙon suka daskare tare, nan ƙarfin yake. Misalinsa misalin ginin ƙasa ne da ake cuɗa wa ramno: ƙasa ta riƙe ciyawa, ciyawa ta hana ƙasa tsagewa.

A Amurka aka fara ƙera jiragen ruwa da wannan haɗi cikin shekarun 1940, daga nan ya bazu ko'ina a duniya. Amfaninsa a fili yake. Gara ba ta cinsa, ba ya ruɓa, ba ya tsatsa, ba ya bukatar a sare itace. A bayansa akwai wata fata mai santsi da launi, kaurinta kamar rabin milimita, ana ce mata jelkot. Ita ce ke kare zaren daga ruwa da rana.

Rezin iri biyu ne za ku samu a kasuwa. Akwai foliyesta, wanda da shi aka yi yawancin jirage, ya kuma fi araha. Akwai ifoksi, wanda ya fi tsada, amma ya fi kama jiki, musamman a kan katako. Ku riƙe wannan ƙa'ida: ifoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta da jelkot ba su kama ifoksi sosai. Har wa yau, ifoksi yana da nasa ma'aunin haɗi da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani, ba a ƙarawa ba a ragewa.

DUBA JIRGI KAFIN A TAƁA SHI

Likita ba ya ba da magani sai ya duba majinyaci. A jawo jirgin tudu, a wanke shi da ruwa da omo, a kankare gansakuka da laka, a kife shi bisa itatuwa a inuwa. Sa'an nan a bi shi taki taki da ido da hannu da kunne.

Da ido za a ga tsaga. Tsagar da ta yi kamar saƙar gizo a kan fata kawai, ba ta shiga zare ba, mai sauƙi ce. Wadda ta miƙe doguwa kusa da haƙarƙarin jirgi ko ƙashin bayansa, ko wadda in an danna ta buɗe baki, wannan ta ci jiki. Za a ga kuma bororo, watau ƙuraje masu ruwa a ƙarƙashin fata, waɗanda ke fitowa ga jirgin da ya daɗe cikin ruwa ba a fitar da shi. Ruwan cikinsu yana da warin tsami, a kiyaye kada ya fantsama a ido. A duba gindin jirgi, inda ake jansa bisa yashi da tsakuwa, gama nan fata ke fara cinyewa har farin zare ya bayyana.

Da kunne kuwa, a ɗauki kwabo ko ƙaramar guduma a riƙa ƙwanƙwasa jikin jirgi. Wuri mai lafiya yana ba da amo tsaf. Wurin da zare ya rabu da juna ko ya sha ruwa, amonsa ya mutu, kamar na fasasshiyar tukunya. A zagaye duk irin wannan wuri da alli.

Wurin da ya fi bukatar lura shi ne allon baya, inda ake ɗaura inji. A yawancin jiragen faiba akwai katako a ɓoye cikin wannan allo. Ruwa yana shiga ta hudar kusoshi ya ruɓar da shi, alhali waje yana ƙyalli. A kama ƙafar injin a girgiza. In allon ya lanƙwasa, ko baƙin ruwa ya tsattsafo ta huda, katakon ya mutu, tilas a yanke faibar ciki a fitar da shi a sa sabo. Wanda zai sayi tsohon jirgi ma haka zai yi kafin ya biya kuɗi, ya kuma ƙara tuhumar jirgin da aka yi wa sabon fenti gab da sayarwa.

LOKACIN AIKI DA KAYAN AIKI

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne danshi. Rezin ba ya kama wuri mai laima, ko mai maiko, ko mai ƙura. Don haka lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bar jirgin ya bushe sarai, mako biyu ko fiye in ya sha ruwa da yawa. Hanyar gwaji ita ce a manna 'yar leda a wurin da za a gyara, a liƙe gefunanta, a bari ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta, jirgin bai bushe ba tukuna.

Hunturu yana da nasa sharaɗi. A kafa zana ko buhuna a tare ƙura, kada kuma a fara aiki da sanyin asuba, sai hantsi ya ɗaga. Da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, rezin yana iya daskarewa cikin kwano kafin a shafa rabinsa. In ya zama dole a yi aiki a lokacin, a yi shi da sassafe ƙarƙashin rumfa. Ba a aikin faiba cikin tsakar rana.

Kayan da za a tanada su ne: tabarmar zaren gilas, wadda aka fi samu mai nauyin giram 300 ko 450 ko 600 a kowace murabba'in mita, rezin da hadinarsa, jelkot ko fenti, asiton na goge maiko da wanke kayan aiki, samfefa mai kaushi da mai laushi, buroshi, ƙaramar rola ta ƙarfe, almakashi, sirinji na awon hadina, robobi masu tsabta, leda, safar hannu, takunkumi da tabarau. Rezin ba ya jure ajiya. Ko a wuri mai sanyi ba ya wuce kamar wata shida, a zafinmu kuwa bai kai haka ba. Kada ku sayi wanda ya yi gudaji ko ya yi kauri ainun, kome arahar sa, gama araha ba ta ado. Tabarmar zare kuma a ajiye ta cikin leda, in ta jiƙe ta tashi aiki.

YADDA AKE TOSHE HUDA KO TSAGA

Da farko a yanke duk wurin da ya mutu, har a kai ga jiki mai lafiya. Kada a ji tausayin jirgi a nan. Ƙaramar huda mai ruɓaɓɓen gefe ta fi babba mai tsabtataccen gefe haɗari.

Na biyu, a goge gefen hudar ya yi gangare a hankali, kamar bakin faranti. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgi sau 12. Watau in kaurin jirgi milimita 5 ne, gangaren zai kai santimita 6 ta kowane gefe. Dalili shi ne sabon rezin ba ya narkewa ya haɗe da tsoho, mannewa kawai yake yi, saboda haka gwargwadon faɗin wurin da ya kama, gwargwadon ƙarfinsa. Facin da aka ɗora bisa fenti ko bisa fata mai santsi, ranar da jirgi ya bugi kututture zai ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rogo.

Na uku, a share ƙura, a goge wurin da asiton da tsumma mai tsabta. Daga nan kada a sake taɓa shi da hannu. In huda ta ɓula har ɗaya gefen, a tokare ta ta baya da kwali ko falanki da aka lulluɓe da leda, don faci ya sami abin jingina ya kuma bi siffar jirgi.

Na huɗu, a yanka tabarmar zare falle falle tun kafin a haɗa rezin, na farko ya rufe gangaren duka, kowane na bayansa ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Falle ɗaya na mai giram 450 yana ba da kaurin kusan milimita 1, yana kuma shan rezin kimanin kilo 1 a kowace murabba'in mita. Jirgi mai kaurin milimita 5 ke nan yana son falle biyar.

Na biyar, a haɗa rezin. Ma'aunin hadina ga foliyesta shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, watau mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya. Da zafi a tsaya a kan 10, da sanyi a matsa zuwa 20. A auna da sirinji, kada a yi kirdado. In ta yi kaɗan, rezin ba zai daskare sosai ba har abada. In ta yi yawa, zai ƙone ya yi gautsi. Kada a haɗa fiye da rabin kilo a tashi ɗaya, gama abin da ke hannunku minti 10 ne zuwa 20 kafin ya fara kamawa. A juya shi sosai.

Na shida, a shafa rezin a wurin, a ɗora falle na farko, a riƙa daddanna shi da bakin buroshi har farin zaren ya ɓace ya zama garau. A bi da rola a fitar da iska. Duk farin tabo da ya rage, iska ce ko busasshen zare, kuma nan ruwa zai fara shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a ɗora fiye da falle uku a lokaci guda, domin zafin daskarewa. A bari ya huce, a ɗan goge, a ci gaba. In hannu yana kaiwa ta cikin jirgi, a ƙara falle biyu ta can, su zarce hudar da faɗin tafin hannu.

A bar facin ya kwana ya wuni kafin a goge shi, a kuma ba shi kwanaki, in da hali mako guda, kafin ya shiga ruwa. Filar da ake cike jikin mota da ita tana shan ruwa, kada a sa ta a ƙasan jirgi.

JIRGIN KATAKO FA?

Da yawa cikinku jirgin katako gare ku, kuna kuma tambaya ko ana iya lulluɓe shi da faiba. Ana iyawa, yana kuma ƙara masa shekaru, amma da sharuɗɗa. Tilas katakon ya kasance da sauran ƙarfinsa. A tsokane shi da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse, a cire wannan katako a sa sabo. Faiba ba ta rayar da ruɓaɓɓen itace, ɓoye shi kawai take yi, ya ci gaba da ruɓa inda ido ba ya gani.

A kankare kwalta da tsohon fenti da man inji har farin itace ya fito, a nutsar da kan ƙusoshi, a cike ramuka, a dulmuya kusurwoyi masu kaifi domin zaren gilas ba ya son lanƙwasa mai tsini. Itacen ya bushe ƙayau. Ifoksi ne ya fi dacewa da wannan aiki, tare da zaren da aka saƙa, domin katako yana kumbura yana motsewa, foliyesta kuwa kan saki bayan ɗan lokaci. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya yi da foliyesta, to, ya sa aƙalla falle biyu, ya kama na farko da ƙananan ƙusoshi marasa tsatsa, ya naɗo faibar har bisa leɓen jirgi ya danne ta da katako. A lulluɓe waje kaɗai, a bar ciki yana shan iska, a riƙa kwarfe ruwa kullum. A tuna kuma jirgin ya ƙara nauyi, saboda haka kayan da zai ɗauka sun ragu.

MAYAR WA JIRGI DA KYANSA

Sai an gama duk wannan ake zancen ado. Ado ba alfahari ba ne kawai, gama fatar jirgi ita ce garkuwarsa. Ranar ƙasarmu tana cin jelkot har ya koɗe, in ka shafa hannu ka ga farin gari kamar alli. In fatar ba ta cinye ba, ba sai an yi fenti ba. A wanke, a goge da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, a fara da lamba 600 a gama da 1000 ko sama, sa'an nan a murza da man goge mota da tsumma. Launin da kuka ɗauka ya tafi zai dawo.

Ƙananan tsagogi na fata a buɗe bakinsu kaɗan da tsinin ƙarfe, a goge da asiton, a cike da jelkot da aka sa wa hadina. Jelkot ba ya bushewa sarai in iska tana taɓa shi, sai ya riƙa danƙo. Don haka a rufe shi da leda a lallashe, in ya daskare a ɓare. Bororo kuma a fasa shi, a wanke da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe sosai, a cike da ifoksi.

In fatar ta ƙare, sai fenti. A goge jirgin duka da samfefa lamba 120 sa'an nan 220, a share, a shafa fentin share fage, a bi da shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya bushe. Shafi mai kauri ɗaya zuba yake yi, ya kuma ɓare da wuri. A zaɓi launi mai haske. Fari da ruwan ɗorawa da ruwan lemo ba su ɗaukar zafi kamar baƙi, ana kuma hango su daga nesa ran da ake neman jirgi. Inda ake takawa a cikin jirgi a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi bisa ɗanyen fenti don kada ƙafa ta zame. A gindin jirgi a ƙara falle biyu na zare ko a ɗaura ƙarfe mai faɗi, saboda ja bisa yashi.

Akwai ado ɗaya da nake roƙon kowa ya yi. A ja layi mai launi dabam a jikin jirgi ta waje, a daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya in an yi lodi, a kuma rubuta yawan mutanen da jirgin ke ɗauka da manyan lambobi. In ruwa ya rufe layin, kowane fasinja ya gani da idonsa, mai jirgi kuma ya sami hujjar cewa a'a, ko da mai roƙon surukinsa ne.

KADA JIRGI YA NUTSE

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Jirgin katako in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Faiba kuwa ta fi ruwa nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi. Jirgin faiba in ya cika, ƙasa zai tafi, sai fa in an yi masa ɗakunan iska ko an cusa masa soso mai hana nutsewa. A tsofaffin jirage sau da yawa ɗakunan sun tsage, soson kuma ya sha ruwa, ko wani ya cire shi don ya sami wurin kaya.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta iska da aka rufe tana ɗaukar nauyin kilo ɗaya a ruwa. Jirgin faiba mai kilo 150, in ya nutse, nauyin da ke jansa ƙasa kamar kilo 50 ne. A ƙara inji mai kilo 40, ya zama 90. Jarka huɗu masu cin lita 25, babu kome cikinsu, an toshe bakinsu sosai, suna ɗaukar kilo 100. Wannan na jirgi da inji ne kaɗai; a ƙara wasu saboda komai da mutanen da za su riƙe. A rarraba su goshi da baya da ƙarƙashin kujeru ta gefe, a ɗaure su tamau yadda ba za su kuɓuce ba. In aka tara su a ƙasan tsakiya, jirgin zai juye. Farin soson nan da ake samu cikin kwalin rediyo da firiji, foliyesta yana narkar da shi, sai an naɗe shi da leda.

Kafin a koma aiki, a gwada jirgin a wuri marar zurfi. A loda masa buhunan yashi a ga ko yana yoyo, sa'an nan a sauke, a cire inji a sa nauyi madadinsa, a cika jirgin da ruwa da gangan a ga ko zai tsaya.

KIYAYE LAFIYAR MAI GYARA

Hadinar foliyesta, wadda za ku ga an rubuta MEKP a kwalbarta, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. A sa tabarau. In ta shiga, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti. Wani rezin ana sayar da shi tare da ruwa mai launin shuɗi-ja na gaggauta daskarewa. Kada a taɓa haɗa wannan ruwa da hadina kai tsaye, wuta suke kamawa nan take. A fara juya shi cikin rezin, hadina ta zo daga baya. Asiton da rezin suna kama wuta kamar fetur, don haka ba taba, ba murhu, ba wurin banda kusa. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi tana cutar da huhu, a sa takunkumi da riga mai dogon hannu. A yi aiki inda iska ke ratsawa. Kada a zuba ragowar rezin ko fenti a kogi, gama ruwan da muke sha ne, kifin da muke ci kuma a ciki yake. Gwangwanin da aka gama da shi kada a ba yara, kada a ɗebi ruwan sha da shi.

KAMMALAWA

Jama'a, kayan nan suna da tsada ga mutum ɗaya, rezin kuma ba ya ajiyuwa. Shawarata ita ce masunta na kowace mashaya su haɗa kai ƙarƙashin Sarkin Ruwa ko ƙungiyar gama kai, su sayi kaya tare, su gyara jiragensu bi da bi cikin rani ɗaya. A tura matasa su koyi sana'ar. Akwai Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, da takwararta ta New Bussa cikin Jihar Neja, inda kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa take. Mai gyaran jikin mota a Potiskum ma, in ya kiyaye ƙa'idodin da muka ambata, rabin sana'ar yana hannunsa.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedkwata a Lokoja, ta fitar da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023. Sun hana lodi fiye da kima da ɗaukar fasinja da dare, sun kuma wajabta sa rigar kariya. Gyara kome kyansa ba ya ɗauke wa kowa waɗannan.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna da Sarakunan Ruwa su sa a riƙa duba kowane jirgi sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damina, wanda bai cancanta ba a hana shi ɗaukar mutane har sai an gyara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a tudu da ruwa, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.